Gidan da ake tsoron haƙurin jaki

Ɗanjuma: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ɗanjuma ke magana, ga Uwani a gefena, ga kuma Baba Likita, wanda ya yi shekara da shekaru yana yi wa shanu allura da duba dawakai kafin ya ajiye aiki. Baba, barka da zuwa.

Baba Likita: Barka kadai, ɗana. Ina gajiya?

Ɗanjuma: Ba gajiya. Yau Uwani ce ta jawo mana zancen. Tun da ta dawo daga karatu a Ingila ba ta da hira sai ta jakuna.

Uwani: Yaya Ɗanjuma, da ka ga abin da na gani, da kai ma ka ishi mutane. Akwai wani gari a bakin teku, Sidmouth, a yankin Devon, ba nisa da Exeter. A bayan garin akwai gona, sunanta The Donkey Sanctuary, wato mafakar jakuna. Shiga kyauta ne. Na je don in kashe wuni ɗaya, sai ga ni ina komawa. Jakuna ne ɗaruruwa, kowane da abin wuya mai ɗauke da sunansa. Wasu tsufa ya kama su, wasu masu su sun mutu, wasu an ƙwato su daga hannun waɗanda suka bar su da yunwa.

Ɗanjuma: Suna kuma? Mu dai a gidanmu sunan jaki Duna ko Aura, gwargwadon launinsa, shi ke nan.

Uwani: Ai ta farkonsu ma sunanta ya shahara. Matar da ta kafa wurin, Elisabeth Svendsen, otal take gudanarwa. A 1969 ta sayi jaka guda mai suna Naughty Face, kamar ka ce Fuskar Ƙiriniya. Daga baya ta ga halin da jakuna ke ciki a kasuwar dabbobi ta Exeter, ta fara sayen waɗanda suka fi galabaita. A 1974 wata tsohuwa, Violet Philpin, ta rasu ta bar mata wasiyyar jakuna 204.

Ɗanjuma: Gadon jakuna 204! Wannan ai ba gado ba ne, jarrabawa ce.

Baba Likita: Ka ciyar da guda biyu a bazara ka ji yadda take.

Ɗanjuma: To ni fa bari in faɗi abin da ke ran masu sauraro. Mutane na neman na asibiti ba su samu ba, wasu kuma sun gina wa jaki asibiti har da ɗakin tiyata. Ba abin haushi a ciki?

Uwani: Ni ma na ji hakan ranar farko, ba zan ɓoye ba. Kuɗin dai gudummawar jama'arsu ce, su suka ga damar bayarwa.

Baba Likita: Ni ta wata fuska nake kallonsa. Lokacin da muke karatu, darasin doki ake koya mana, a ce jaki ƙaramin doki ne, a rage awon magani kawai. Ashe ba haka ba ne. Akwai maganin kashe zafin ciwo da jikin jaki yake saurin narkarwa fiye da na doki, in ka bi lissafin doki sai ka ba shi abin da ba zai riƙe shi ba. Irin waɗannan wurare da suka tara jakuna da yawa, suna duba su kullum, su suka gyara mana wannan kuskure. Uwani, faɗa masa yadda safiyarsu take.

Uwani: Da sassafe masu kula da su ke shiga rumfuna. Kafin shara, kafin abinci, kallo suke fara yi. Ɗaya bayan ɗaya: wa ya taso, wa ya tsaya a kusurwa, wa ya sunkuyar da kai, kunnuwan wa suka kwanta gefe. Sannan a kwashe kashi, a canza ruwa, a zuba abinci. Abincin nan ne ya ba ni dariya. Ga ciyawa kore shar ko'ina, amma yawancin abin da ake ba su busasshen karan sha'ir ne.

Ɗanjuma: Rowa ke nan.

Baba Likita: Hikima dai. Asalin jaki dabbar busasshiyar ƙasa ce, daga arewa maso gabashin Afirka kakanninsa suka fito. Cikinsa ya saba tatsar amfani daga abin da ba shi da maiƙo. Ka sake shi a ɗanyar ciyawar Ingila, sai ƙiba, sai kumburin cikin kofato mai raɗaɗi. Namu a nan yunwa ke ramar da su, nasu ƙoshi ke kwantar da su.

Uwani: Shi ya sa ake ɗora su a sikeli a kai a kai. Ga kuma ruwan sama. Gashin jaki ba ya tare ruwa kamar na doki, dole a yi masa rumfa. Kofatonsa ma yana tsotse danshi, ya yi laushi, ya fara ruɓewa. Mai gyaran kofato yana zagayowa duk mako shida zuwa goma ya datse.

Baba Likita: Sai haƙora. Haƙoran tauna na jaki ba sa daina fitowa, suna gogar juna, gefensu ya yi kaifi ya dinga yankar kumatu. Sai a sa magagari a goge. In ka ga tsohon jaki yana tauna yana zubar da curin ciyawa daga baki, ba wasa yake yi ba, bakin ne ke ciwo. A can suna kaiwa shekara 30, wasu har su haura 40, to tsofaffin sai a ba su yankakken abinci mai laushi.

Ɗanjuma: Baba, mu koma kan kallon safiyar nan. Me ake nema a fuskar jaki? Ai kullum fuskarsa ɗaya ce.

Baba Likita: Yauwa, ka zo inda nake jira. Mu Hausawa muna yabon haƙurin jaki, a loda masa mangala, a dake shi, bai ce uffan ba. Likita kuwa wannan haƙurin shi ne abin tsoronsa. Doki in cikinsa ya murɗa, zai yi ta haƙar ƙasa, ya yi gumi, ya faɗi ya tashi, duk unguwa ta sani. Jaki sai ya tsaya shiru. Har yaudara yake yi: ya sa baki a abinci, ya motsa leɓe kamar mai ci, alhali ba ya haɗiye komai. Kai kana ganin ya ci, shi kuwa kwana biyu cikinsa wayam.

Uwani: Sun ce min jakin da ya yi sanyi haka, ba a jira gobe.

Baba Likita: Ba a jira. Don in ya daina ci, jikinsa sai ya fara narkar da kitse ya tura cikin jini, ya kasa dainawa. Ka ɗebi jinin a kwalba, ruwan da ya taso sama sai ka ga ya yi fari kamar an zuba madara. Daga nan hanta ta gaza, ƙoda ta bi. Sai a yi ta lallashinsa da abin da yake so, in ya ƙi a zura roba ta hanci har ciki a ba shi abinci, ko a yi masa ƙarin ruwa. Na tuna wani manomi da ya kira ni, shekarun baya. Ya ce jakinsa ya yi taurin kai ne, kwana uku ya ƙi tafiya, har ya karya sanda a kansa. Da na ɗaga akumarin, ga gyambo kamar tafin hannu, ga dasashi ya canza launi. Bai kai magariba ba. Mutumin nan ya zauna ya yi kuka, don ba mugu ba ne. Bai san shirun ciwo ba ne.

Ɗanjuma: Allah sarki.

Uwani: Abin da ya fi tsaya min shi ne zancen aboki. Jaki yakan zaɓi ɗaya ya shaƙu da shi, tare suke kiwo, tare suke kwana. In za a kai ɗaya asibiti, sai a ɗauki abokin su tafi tare, lafiyarsa ƙalau, aikinsa jinya kawai. In kuma ɗaya ya mutu, ba a janye gawar nan take. A bar abokin ya shinshina, ya zagaya, har ya gane. Sannan a sa masa ido na makonni, don baƙin cikin kaɗai yana iya hana shi ci, ya jawo ciwon kitsen da Baba ya faɗa. Ko masu neman riƙo a gidajensu, bibbiyu ake ba su.

Ɗanjuma: Mu kuwa ranar kasuwa a kwance guda daga turke a tafi da shi, wanda aka bari ya kwana yana kuka mu ce ya cika surutu.

Baba Likita: Ga shi yanzu ba don aiki kaɗai ake sayensu ba. Je ka Maigatari ka tambayi dillalai yadda farashi ya tashi. Fatar ake nema, a kai ƙasar Sin a dafa a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao. Ita wannan mafaka ta ƙiyasta cewa ana yanka jakuna aƙalla miliyan 5.9 duk shekara saboda fata. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024. Doka dai tana kan takarda, iyaka kuma tana da faɗi.

Uwani: Kafin lokaci ya ƙure, Baba, kar mu manta da biskit.

Ɗanjuma: Wane biskit kuma?

Uwani: Jaki yana gane garin magani a cikin dusa, ya ƙi ci. To sai su shafa maganin tsakanin biskit biyu masu citta, ƙamshin cittar ya danne warin.

Baba Likita: Ni da rogo da ɗan kanwa na yi ta fama. Kuma ina tambaya, suna bar musu wurin birgima? Ka san jaki ba ya wuce toka.

Uwani: Toka dai ban gani ba, amma duk inda ƙasa ta bushe sun mai da shi wurin birgima. Na ga wani tsoho fari tas, an gama taje shi ke nan, ya taka a hankali ya je ya kwanta a ciki, ƙafafu huɗu a sama. Matar da ta taje shi ta tsaya da buroshi a hannu tana kallonsa.

Ɗanjuma: Duna ma haka yake yi wa kakana. Masu sauraro, a nan za mu tsaya. Baba, mun gode, a gai da gida.

Baba Likita: Za su ji. Uwani, ki turo min hoton farin nan.