Lacca Kan Masaukin Goûter Na Masu Hawan Mont Blanc

Assalamu alaikum jama'a, na baya kuna ji na ko? Madalla. To yau magana za mu yi kan masaukin masu hawan dutse, irin waɗanda ake ginawa can saman duwatsun Alps a Turai, kuma guda ɗaya zan ɗauka mu tsaya a kansa, wato Goûter, wanda yake kan hanyar hawa Mont Blanc ta ɓangaren Faransa.

Shi Mont Blanc tsayinsa ya ɗan haura mita 4,800, masaukin kuma yana mita 3,835, sabon ginin an buɗe shi a 2013, gado 120 ne a ciki. Kar wani ya ce otal ne fa. Da ka shiga za ka cire takalmin hawa a ba ka silifa, ɗaki ɗaya mutane da yawa, wannan na munshari wancan kansa na sarawa saboda ƙarancin iska, ba maganar wanka, ruwan ma ƙanƙara ake narkawa, kayan abinci kuma sai jirgi mai saukar ungulu ya kawo, shi ya sa ruwan gora ma tsada gare shi.

To me ya sa mutum zai biya kuɗinsa ya sha wannan wahala? Lokaci yake saye. Wajen ƙarfe 2 ko 3 na dare ake tashin mutane su karya, kamar sahur, kowa ya ɗaura fitila a goshi, a ɗaure juna da igiya a fita, don a wannan lokacin ƙanƙarar a daskare take tana riƙe ƙafa, rana na ɗagawa sai ta saki ta yi laushi, kun ga dole a kai ƙololuwa a juyo da wuri. Kuma ƙasa da masaukin akwai wani kwazazzabo, Grand Couloir, da duwatsu ke gangarowa musamman in rana ta yi zafi, ya ci rayuka ba kaɗan ba, kuma ta nan za ka bi a hawa da sauka.

Tun 2019 in za ka bi wannan hanya ka kwana sai ka kama gado tun kafin ka zo, akwai ma'aikata a hanya suna dubawa, ba ka da shi a juyo da kai. Ni dai a ganina hakan ya yi, don a da har ƙasan tebur mutane ke kwana.

Malam na ga ka ɗaga hannu, bismillah.