Wane Alkohol Ya Kamata Ka Narkar da Shelak da Shi?

Barkanmu da warhaka, masu aikin katako. Shelak wani ɓarɓashi ne mai launin zuma da ake narkarwa a shafa wa katako don ya yi sheƙi. Ƙaro ne da macen wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin rassan itatuwa, galibi a Indiya da Tailan. Ana kankaro shi, a tace, a busar. Shi kansa ba shi da wata illa, har ƙwayoyin magani ana lulluɓe su da shi. Inda haɗarin yake shi ne ruwan da za ka narkar da shi, domin shi ne za ka yini kana shaƙa, shi ne zai jiƙa maka yatsu.

Shelak ba ya narkewa a ruwa, ba ya narkewa a kananzir ko fetur. Alkohol yake so. Iri uku ne za ka fi cin karo da su: etanol, isofurofil, da metanol. Dukansu farare ne tas, dukansu suna narkar da shelak, kuma ido ba zai bambance maka su ba. Hanci ma kada ka dogara da shi.

Mu fara da wanda nake so ku guje wa, wato metanol. Gaskiya yana narkar da ɓarɓashin da sauri, yana kuma bushewa nan da nan, domin yana tafasa tun a digiri 65 na ma'aunin Salshiyas. Shi ya sa wasu ke son sa. Amma idan ya shiga jiki, hanta tana juya shi ya zama wani asid mai guba da ke taruwa a jini, ya kama jijiyar gani. Kimanin mililita 10, wato cokalin shayi biyu, in aka sha, yana iya makantar da mutum har abada, mililita 30 kuma yana iya kisa. Za ka ce ai ba sha zan yi ba. Haka ne, amma metanol yana ratsa fata, yana kuma shiga ta numfashi. Ka duba yadda ake goga shelak da ƙullin ƙyalle: hannu a jiƙe, fuska kusa da katako, awa da awanni. Abin da ya fi damuna shi ne alamun ba sa fitowa nan take. Mutum na iya kwana lafiya, sai washegari ciwon kai, jiri, amai, gani ya yi dishi-dishi. Wanda ya ga haka bayan aiki da irin wannan ruwa, ya tafi asibiti ba tare da jira ba, ya kuma tafi da kwalbar. Takunkumin ƙura ba ya tare tururinsa, kai ko takunkumin da ake sa wa gwangwanin tace tururin fenti, metanol yana ratsa shi cikin ɗan lokaci.

Etanol shi ne zaɓin farko. Yana tafasa a digiri 78, saboda haka yana ba ka ɗan lokacin jan buroshi kafin ya kama, yana narkar da shelak sarai, kuma jiki ya fi iya sarrafa shi nesa ba kusa ba. Ka nemi mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari ko sama da haka.

To, a nan ne ake samun ruɗani. Yawancin etanol da ake sayarwa don aiki an gauraya shi da wasu sinadarai don kada a sha, shi ne ake kira sifirit. Abin da aka gauraya ɗin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, daga kamfani zuwa kamfani. A Tarayyar Turai, tun 2013 aka fito da haɗi na bai ɗaya wanda ba metanol a ciki, ana sa ɗan isofurofil da wani sinadari mai tsananin ɗaci. A Amurka kuwa akwai masu sayar da sifirit da kusan rabinsa metanol ne. Suna ɗaya a jikin gwangwani, abin ciki daban. Don haka sunan da ke gaba ba zai wadatar da kai ba. Ka juya kwalbar, ka karanta jerin abubuwan da ke ciki. In ba a rubuta ba, ka nemi takardar bayanan kariya ta kayan, wadda kamfanoni ke sakawa a intanet, ka je sashe na 3. Kowane sinadari yana da lambarsa ta shaida, da ake kira lambar CAS, wadda ba ta canzawa ko da wane harshe aka rubuta takardar. Ga su nan, ku kwafa: etanol 64-17-5, isofurofil 67-63-0, metanol 67-56-1. In ka ga ta ƙarshen nan da kaso mai yawa, ajiye kwalbar. Ruwan da aka ɗura a gorar da ba ta da rubutu kuwa, ni ba na ba kowa shawarar ya taɓa shi, ko da mai sayarwa ya rantse.

Idan etanol mai kyau ya gagara, isofurofil mai kashi 99 yana yin aikin. Sai dai ka yi haƙuri da shi: ɓarɓashin zai ɗauki lokaci kafin ya narke, ka daka shi ya yi laushi, ka riƙa girgiza kwalbar. Yana kuma jinkirin bushewa, abin da masu buroshi ke jin daɗinsa a kan faffaɗan katako, domin sawun buroshin yana samun damar kwanciya.

Sai batun ruwa. Alkohol ɗin goge rauni mai kashi 70, sauran kashi 30 ɗin ruwa ne. In aka haɗa shelak da irinsa, katakon zai yi fari-fari kamar hazo ya kwanta a kai. Man tsaftace hannu, wato sanitaiza, ma haka, ga ruwa ga gilisarin, shelak ɗin zai yi ta danƙo. Ko alkohol mai kyau yana zuƙar laima daga iska in aka bar shi a buɗe, don haka da ka zuba ka rufe.

Wajen haɗi, gram 240 na ɓarɓashi a lita ɗaya shi ne matsakaicin kauri da ake shafawa da buroshi. Gram 120 a lita yana ba da tsinkakke, na shafin farko da ke toshe ƙofofin katako. Wanda ya sayi haɗaɗɗe a gwangwani, ya sirka shi kaɗan-kaɗan da etanol ko isofurofil yana gwadawa a guntun katako. A haɗa a kwalbar gilashi, domin ƙarfe yana sa shelak ya yi duhu. A rubuta kwanan wata a jiki. Haɗin da ya haura wata shida, a ɗiga shi a kan gilashi a bar shi ya kwana. In da safe farce ya shige shi, ya lalace, a haɗa sabo.

Kada ku manta da wuta. Duka ukun nan tururinsu yana iya kamawa ko a ɗaki mai sanyi, tun daga wajen digiri 12 ko 13, harshen wutar metanol da etanol kuma da ƙyar ake ganinsa da rana. Ba sigari, ba kyandir, ba tartsatsin inji a kusa. A buɗe tagogi biyu iska ta ratsa, a sa tabarau na kariya da safar hannu ta robar naitiril, a sauya ta in ta jiƙe sosai. Ƙyallen da aka yi aiki da shi a shanya shi a waje ya bushe kafin a zubar, kwalaben kuma a kulle su inda yara ba za su kai ba.