Jan Dutsen Indiya: Ba Fenti Ba Ne, Ba Gashin Wuta Ba Ne

[Hoto: katangar Lal Kila, tsohuwar fadar sarakuna a Delhi]

Duk 15 ga Agusta, idan firaministan Indiya ya hau wannan katanga zai yi jawabin ranar 'yanci, sai gardama ta tashi. Wani ya ce jan bulo ne, wani ya rantse fenti ne. Jama'a, dutse ne. Sarki Shah Jahan ya kammala ginin a 1648, kuma da launinsa aka ciro dutsen daga ƙasa.

Asalinsa yashi ne. Koguna suka kwaso shi suna jibgewa, shimfiɗa kan shimfiɗa, fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Nauyin na sama ya danne na ƙasa.

To, ga inda ake ɓata. Da an ji "yashi ya zama dutse", sai hankali ya tafi ga wuta, wai zafi ne ya gasa shi. Babu wutar da ta taɓa shi. Ruwa ne.

[Hoto: dutsen a ƙarƙashin madubin ƙara girma]

Ku duba da kyau. Ƙwayar yashin kanta fara ce, ko ruwan toka. Ruwan da ke tsiyaya tsakanin ƙwayoyin yana ɗauke da narkakkun ma'adinai, su ne suka daskare a 'yan kafofin suka liƙe ƙwaya da ƙwaya. Cikinsu akwai ƙarfe. Ƙarfen ya haɗu da iskar oksijin, ya yi tsatsa, tsatsar ta lulluɓe kowace ƙwaya kamar yadda lalle ke kama yatsa. Kowace ƙwaya fa, ba fuskar dutsen kaɗai ba. Shi ya sa ko ka raba shi biyu, cikinsa ma ja ne. Abin mamaki, ƙarfen ɗan kaɗan ne.

Waɗannan fararen ɗigo-ɗigon da ke jikin dutsen kuwa, wuraren da tsatsar ta wanke ne tun dutsen yana binne. Wasu na ganin aibi ne. Ni dai sun fi burge ni.

[Hoto: ramin haƙar dutse a Rajastan]

Haƙar kuma? A yankunan Dholpur da Karauli na jihar Rajastan, masu fasa dutse ba sa kokawa da shi. Shimfiɗun nan na dā, ta nan yake da rauni. A kwashe ƙasar sama, a ja layi, a huda ramuka a jere, a cusa ƙarafa masu tsini. Sai guduma, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ku saurara... kun ji amon ya canza? Ya tsage ke nan. A ɗaga shi da dogayen ƙarafa, a dā sai a ɗora shi a amalanken shanu.

Af, masu cewa bulo ne, kuna da ɗan rabo: ganuwar da Sarki Akbar ya fara a birnin Agra a 1565, cikinta bulo ne, jan dutsen riga aka sa mata.

[Hoto: ma'aikata cikin ƙura]

Wannan farar ƙurar ita ce masifar sana'ar. Garin yashi ne, idan ya shiga huhu ba ya fita. A ƙauyukan Karauli, ciwon huhun da take jawowa ya kashe maza da yawa da ƙuruciyarsu, kuma injinan yanka na yanzu sun fi guduma tada ita.