Amsoshin Tambayoyinku: Sabon Ɗalibin Tauhidi da Aikin Rubutu

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun fito ne daga ɗaliban da suka fara karatu a makarantun tauhidi, kuma dukansu a kan bincike da rubutu suke kuka.

Ta farko daga wani ɗan'uwa ce a Kafanchan, wanda ya daɗe yana aikin mai bishara kafin ya koma aji. Ya ce malaminsa ya dawo masa da rubutunsa na farko cike da jan biro, ya kuma rubuta masa a ƙasa cewa wa'azi ya yi, bincike aka sa shi. Yana tambaya ina bambancin yake.

To ɗan'uwa, malaminka bai zalunce ka ba. Mai wa'azi yakan hau bagade da saƙon da ya riga ya tabbatar, burinsa ya kai shi zukatan jama'a, amma mai bincike da tambaya yake farawa, ya tattara hujjoji, ya auna su, sannan ya nuna wa mai karatu hanyar da ya bi har ya isa ga amsa. Saboda haka aikinka na farko shi ne ka taƙaita batun. Idan ka ce za ka yi rubutu a kan addu'a a shafi goma, ka ɗauko kayan da ya fi ƙarfin wuyanka. Amma idan ka tambaya me ya sa Luka yake nuna Yesu yana addu'a gabanin manyan al'amura, kamar lokacin baftismarsa a 3:21, da daren da ya gabaci zaɓen almajiransa sha biyun nan a 6:12, da kan dutse inda kamanninsa ya sāke a 9:29, to ka sami abin da za ka iya bi daki-daki har ka gama.

Kada kuma ka yi gaggawar buɗe littattafan sharhi. Ka fara karanta nassin kansa, abin da ya gabace shi da abin da ya biyo baya, domin marubutan ba su rubuta da lambobi ba: an raba surori a ƙarni na 13, aikin da ake dangantawa da Stephen Langton na Ingila, ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robert Estienne ne ya sa musu lambobi a bugunsa na 1551. Wanda ya tsinci aya ɗaya ya gina rubutu a kanta, sau da yawa ra'ayinsa yake cusa mata. Ka ajiye tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 kusa da wadda aka sabunta daga baya da kuma ta Turanci, duk inda suka sha bamban ka ja layi, domin nan ne za ka nemi malamin Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Luka da kansa, a farkon bishararsa, ya shaida wa Tiyofalas cewa sai da ya bi diddigin kome tun daga farko kafin ya rubuta bi da bi.

Wasiƙa ta biyu daga wata 'yar'uwa ce a Kaltungo. Ta ce littattafai sun yi ƙaranci a makarantarsu, abokan karatunta kuwa suna kwafo rubutu daga intanet suna miƙawa, shin laifi ne?

Laifi ne, 'yar'uwa, kuma sunansa sata, ko da an sauya kalma biyu ko uku. Yawancin sababbin ɗalibai ba da mugun nufi suke faɗawa ciki ba. Rashin tsari ne wajen ɗaukar bayani. Ki tanadi littafin rubutu guda, duk abin da kika karanta ki fara rubuta sunan marubuci, da sunan littafi, da maɗaba'a, da shekara, da lambar shafi. Idan kalmominsa kika ɗauka ki sa su cikin alamar zance nan take, idan kuma ra'ayinsa kika faɗa da bakinki, duk da haka ki ambace shi. Makarantun tauhidi da yawa suna bin tsarin ambaton littattafai na Kate Turabian ta Jami'ar Chicago, wanda ya fara fitowa a 1937, sai ki tambayi wanda makarantarku take bi. Idan kina da kwamfuta, manhajar Zotero kyauta ce, tana kuma adana waɗannan bayanai. Manhajojin da ke rubuta wa mutum amsa kuwa, sukan ƙago sunayen littattafan da babu su, kuma malami mai lura zai gane. Game da ƙarancin littattafai, ki nemi wasiƙa daga makarantarku, lokacin hutu ki nemi izinin shiga ɗakin karatu na kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru ko na makarantar tauhidi ta JETS da ke Jos.

Ta ƙarshe daga wani matashi ce a Zonkwa, wanda ya ce da Hausa yake tunani amma da Turanci ake bukatar rubutun, har yakan rasa ta inda zai fara. Ɗana, ka fara faɗin amsarka da Hausa a jimla ɗaya, kamar kana yi wa dattijon ikilisiyarku bayani. Idan ta ƙi faɗuwa, tunanin ne bai nuna ba tukuna, ka koma karatu. Idan ta faɗu, ka rubuta da Turanci mai sauƙi, ka bar rubutun ya kwana, washegari ka karanta shi da ƙarfi ka gyara. Hausarka kuma za ta yi maka rana idan aka zo binciken tarihin ikilisiya, domin tsofaffin littattafan taron dattawa na ikilisiyoyi da yawa a Arewa da Hausa aka rubuta su, tsofaffin masu bishara da za ka yi hira da su ma a cikinta za su fi sakin jiki. Sai dai ka nemi yardarsu kafin ka ɗauki murya, ka kuma rubuta rana da wurin da aka yi hirar.