Lacca: Wane Ne "Commoner" a Ingila?

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Kalmar da za mu duba yau ita ce "commoner". Da yawa za su ce muku talaka kenan, amma ku yi hattara, don a Ingila ba aljihu ake dubawa ba, sarauta ake dubawa. A dokarsu, duk wanda ba shi ne sarki ba, kuma bai riƙe sarauta irin ta Duke ko Earl ko Baron ba, to commoner ne, ko da dukiyarsa ta kai ta Ƙaruna. Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, jikan Duke ne, a fadar Blenheim aka haife shi a 1874, amma har ya mutu a 1965 commoner yake, shi ya sa ya iya zama a majalisar wakilai. Alec Douglas-Home kuwa, da ya zama firaminista a 1963, sai da ya ajiye sarautarsa ta Earl kafin ya nemi kujera a wannan majalisa.

A jami'ar Oxford ma, ɗalibin da bai ci tallafin karatu ba haka ake kiransa. Rigarsa ta biki gajera ce, ba hannu.

Ma'anar da ta fi taɓa zuciyata ita ce ta kiwo. Commoner shi ne mai haƙƙin sakin dabbobinsa a filin da ba nasa ba. A dajin New Forest, kudancin Ingila, har yau za ka ga ƙananan dawakai suna kiwo a bakin titi, suna tare wa motoci hanya, kowanne da tambarin mai shi a fatarsa. Haƙƙin kuma a jikin gida ko gona yake, wanda ya saye su ya same shi.

Yawancin irin waɗannan filaye sun tafi. A ƙarni na 18 da na 19 majalisa ta yi ta kafa dokoki, masu ƙasa suka kewaye su da shinge. Mai saniya ɗaya ya rasa inda zai kai ta, ya sayar, ya koma ƙodago a gonar wani ko a masaƙun Manchester. Jama'a, wanda ya ga yadda gonaki suka cinye burtali a ƙasarmu ya san zafin wannan abu. Ni a ganina zalunci ne, ko da majalisa ce ta sa hannu.

Wanda yake da tambaya, bismillah.