Bindiga a ƙarƙashin katifa: tana kare mai gida kuwa?

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau maganar bindiga za mu yi, don duk majalisar da ka zauna a Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, in dai aka taɓo zancen ɓarayin daji sai ka ji wani ya ce kawai a ƙyale kowa ya sayi tashi. Kuma wallahi ni ban ga laifin mai faɗin haka ba, mutumin da aka kore mashi shanu, aka ɗauke mashi iyali, ya saida gona ya biya kuɗin fansa, da wane baki za ka ce mashi ya zauna ya jira? Hatta gwamna ya faɗa, a 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito ya ce mutane su nemi makami su kare kansu, a 2022 kuma gwamnatin Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga, har sai da babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna bai da wannan hurumin.

To amma in ka riƙe ta, ka tsira ke nan?

Doka tukuna, a gurguje. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Ta yaƙi irin su AK-47 da fistol, sai da sa hannun shugaban ƙasa. Ta farauta irin mai baki biyu, Sufeto Janar na 'yan sanda ke bada lasisi. Adaka kuwa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wannan kwamishinan 'yan sandan jiha ne. In aka kama ka ba takarda, dokar fashi da makami ta 1984 na iya kai ka gidan yari shekara 10.

Yanzu mu leƙa Amurka, don can ne aka gwada abin nan da muke kira a yi. Bindigogin da ke hannun farar hula a can sun fi mutanen ƙasar yawa, kusan 120 ga kowane mutum 100. A 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Tun 1993 wani likita, Arthur Kellermann, ya gano gidan da ke da bindiga ya fi fuskantar a yi kisa a cikinsa kusan ninki uku, kuma galibi ba baƙo ke yin kisan ba, na gida ne ko wanda aka sani. A 2009 aka yi wani binciken a birnin Filadalfiya, aka ga mai ɗauke da bindiga lokacin da aka far mashi ya fi wanda bai da ita yiwuwar shan harbi sama da ninki huɗu. Eh, wani zai ce ai dama wanda ke cikin haɗari shi ke yawo da makami, kuma maganarshi na kan hanya, amma dai lissafin bai nuna kariyar da ake zato ba.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Ɓarawo shi ke zaɓen lokaci, kai ba ka zaɓa. Ƙarfe biyun dare ne, kana barci, ka ji rugugin mashina, bibbiyu ko uku-uku kan kowane mashin, kowa da AK mai cin harsashi 30. Kai kuma adakarka na jingine bayan ƙyaure, harbi ɗaya gare ta, in ka ɗana ka saki sai ka sake zuba albarushi, ka cusa tsumma, ka danna da sanda, hannu na rawa, cikin duhu, yara na kuka a bayanka. Ba banza aka sa mata suna harbi ka ruga ba. Kuma wannan dare ɗaya ne, sauran kwanakin shekara duk tana nan cikin ɗaki, ranar da aka yi cacar baki kan iyakar gona tana nan, ranar da yaro ɗan shekara goma ya ɗaga katifa tana nan.

Na san akwai garuruwan da suka tashi tsaye suka kori ɓarayi, kuma na jinjina masu har ga Allah. Sai dai ku tuna Unguwar Mantau a Malumfashi, watan Agustan 2025, aka buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba, gwamnatin jiha da kanta ta ce ramuwa ce kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi wa ɓarayin kwanaki kaɗan kafin nan. Sun yi jarumta, amma da ɓarayin suka dawo ba wanda ya tsaya masu. Abin na ci mani rai har yau. Ga kuma abin da muka gani da 'yan sa-kai, inda aka riƙa tare mutum a kasuwa don kawai Bafillace ne, aka yanke mashi hukunci nan take, 'yan uwanshi suka shiga daji, wutar ta ƙara ruruwa.

Shi ya sa ni a nawa ganin, bindigar mutum ɗaya ba ta kai shi ko'ina, wadda ke aiki ita ce wadda ke da tsari a bayanta. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na jiha, matasa sama da dubu a kashin farko, 'yan asalin garuruwan da abin ya shafa, an horar da su, an san sunan kowa, akwai wanda zai tuhume shi in ya wuce gona da iri. Su ma ba su wadatar ba, kuma da yawa sun rasa rayukansu a bakin aiki, Allah ya jiƙansu. Abin da ya kamata mutanen Batsari da Jibiya da Faskari da Sabuwa su matsa a kai shi ne a ƙara yawansu, a biya su kan lokaci, a gyara sabis ɗin waya, kuma in gari ya kira ƙarfe biyun dare, motar sojoji ta iso kafin a kira asalatu.