Yadda Ake Shiga Dajin Giwa da Zaki da Ƙafa

Assalamu alaikum. Ku dubi sawun nan da ke kan yashi. Na zaki ne, kuma ga yadda aka gane: bayan tafin ya rabu gida uku, sannan babu alamar farce a gaban yatsun, domin zaki yana janye farcensa ciki idan yana tafiya. Da na kura ne, da bayan tafin gida biyu zai rabu, farcen kuma zai fito ɓaro-ɓaro. Gefen sawun bai rufta ba, ko ƙwaro bai bi ta kansa ba tukuna, wato mai shi bai yi nisa ba. Mutanen da ke tsaye a kansa kuwa da ƙafa suka zo, motarsu tana can sansani, tafiyar sa'a guda.

Wannan shi ne yawon kallon namun daji da ƙafa, reshe ɗaya na abin da duniya ke kira safari. Kalmar ta Suwahili ce, ta samo asali daga Larabci, tushensu ɗaya da safara.

Tambayar farko ita ce, me zai sa mutum ya baro mota? A mota ai an fi ganin dabbobi da yawa, an fi kusantarsu. Zakin da ya saba ganin motocin baƙi yakan kwanta a gefen taya yana hamma, domin a wurinsa mota wani ƙaton abu ne mai warin mai, ba ta cin sa, shi ma ba ya cin ta. Amma da zarar mutum ya sauko ya tsaya da ƙafa biyu, labari ya canja. A 2023 aka wallafa wani bincike da Liana Zanette ta jagoranta a yankin Kruger na Afirka ta Kudu. Sun ajiye lasifika da kyamara a bakin wuraren shan ruwa, suna sako muryar zaki, wani lokaci kuma muryar mutane suna hira a natse. Kusan duk nau'o'in dabbobin sun fi saurin tserewa idan suka ji muryar mutum. Hira kawai, ba ihu ba, ba harbi ba.

Ke nan mai tafiya da ƙafa ba zai samu hoto daga kusa ba. Abin da zai samu daban ne, kuma a ganina ya fi daraja: zai koyi karanta daji. Mota tana wuce sawu da kashi da kukan tsuntsu a guje, ƙarar inji ta danne komai. Da ƙafa kuwa, waɗannan ƙananan abubuwan su ne ke gaya maka wa ya wuce, yaushe, ina ya nufa.

Kwarin Luangwa da ke gabashin Zambiya ake dangantawa da farkon wannan harka. Norman Carr ma'aikacin gandun daji ne a zamanin da ake kiran ƙasar Rodeshiya ta Arewa, ya kuma yi aikin harbin giwayen da ke ɓarna a gonaki. A 1950 ya shawo kan Sarki Nsefu ya ware wani yanki na ƙasarsa domin namun daji, aka kafa sansanin baƙi, kuɗin da aka samu yana komawa ga mutanen yankin. A lokacin da safari ke nufin farauta, shi ya fara ɗaukar baƙi suna bin dabba da ƙafa, su kalle ta su dawo ba tare da an kashe ta ba. A 1972 yankin Luangwa ta Kudu ya zama gandun ƙasa, faɗinsa murabba'in kilomita 9,050.

Can kudu kuma, a gandun dajin iMfolozi da ke ƙasar Zulu a Afirka ta Kudu, Ian Player da Magqubu Ntombela suka fara kai mutane irin wannan tafiya a 1959. Sunan Player ya fi yawo a duniya, amma shi da bakinsa ya sha cewa Ntombela ne malaminsa. Ina so a riƙe wannan, domin ilimin bin sawu ba daga ofis ya fito ba. Na mutanen da aka haifa a gefen dajin ne, waɗanda iyayensu suka nuna musu tun suna yara. Gandun Kruger ya bi sahu a 1978, kuma har yau ƙa'idarsa ita ce baƙi ba su wuce takwas ba, tare da ma'aikata biyu masu bindiga.

To bari mu bi su wata safiya a Luangwa. Tun duku-duku ake tashi, a sha shayi, rana na ɓullowa a kama hanya. Layi ɗaya ake yi, kowa yana bayan wani. A gaba akwai dogarin gandun daji na gwamnati riƙe da bindiga, sai jagora, sai baƙi, a ƙarshe kuma mai ɗauke da kayan shayi, wanda idonsa ke kan abin da ke bayan ayari. Dalilai biyu ne suka sa ake yin layin. Dabbar da ta hango ku za ta ga abu ɗaya ne, ba taron da ya bazu kamar masu shirin yi mata ƙawanya ba. Sannan idan abu ya taso daga gaba, babu wanda ke tsakanin bindiga da shi. Ba a surutu. Wanda ya ga wani abu sai ya kaɗa yatsa ko ya yi ɗan fito.

Yanzu ku kalli hannun jagoran. Wata 'yar jaka ce ta ƙyalle cike da toka. Yana girgiza ta, tokar ta tashi, ya ga inda iska ta ja ta. Zai yi haka sau da yawa kafin a dawo, domin iska ce ke yanke hukuncin inda za a bi. Idon giwa ba shi da ƙarfi sosai, amma hancinta yana cikin mafi ƙarfi a duniyar dabbobi. Idan iska tana busowa daga wajenta zuwa wajenku, za ku iya tsayawa bayan suri kuna kallonta tana karya reshe, kuna jin ƙugin cikinta, ita ba ta san da ku ba. Iskar na juyawa sai ku ga ta ɗaga hanci sama tana shinshina. Jagoran kirki tun kafin nan ya riga ya janye mutanensa. Rana ma ana lissafinta: an fi so ta kasance a bayanku, ta haske dabbar, ta kuma kashe mata ido.

Ga kashin giwa. Jagora zai durƙusa ya fasa shi da hannu ko da tsinke. Idan cikinsa da ɗumi, tana nan kusa. Babbar giwa tana iya cin kilo 150 na ganye da ciyawa da ɓawon itace a rana, amma abin da cikinta ke narkarwa bai kai rabi ba, shi ya sa za ku ga 'ya'yan itace lafiya lau a ciki, wasu har sun fara tsiro. Da haka take shuka daji tana tafe. Buzuzu zai zo ya dunƙula rabonsa ya gangara da shi da ƙafafun baya, zabi su zo su tona. Idan kashin cike yake da dogayen zaruruwa da ba a tauna ba, tsohuwa ce, haƙoranta na ƙarshe sun cinye. Sawun ma yana magana: a auna kewayen sawun ƙafar gaba a ninka biyu, an samu kusan tsayinta a kafaɗa. Farin kashin da ke can kamar alli kuwa na kura ne, ƙashin da ta tauna ya mayar da shi haka.

Kunne ma yana aiki. Gwaggon biri yana da irin haushin da yake yi idan ya ga damisa, daban da hayaniyarsa ta yau da kullum. Carki, tsuntsun nan mai cin kaska a bayan manyan dabbobi, idan ya tashi firgigit daga cikin duhuwa yana kuka, jagora zai ɗaga hannu kowa ya tsaya cak. Ƙila ɓauna ce kwance a ciki.

Nan ne maganar ta zo kan hatsari, kuma ba zan rage mata komai ba. Jama'a sun fi tsoron zaki, alhali zakin da ya ga mutane da rana yawanci tashi yake yi ya ba su wuri. Masu aikin sun fi shakkar uku. Akwai tsohon namijin ɓauna da ya bar garke yana kwana cikin taɓo shi kaɗai, wanda ba ya gargaɗi. Akwai dorina. Da dare take fita kiwo, da asuba ta komo ruwa ta hanyar da ta saba, hanyar da za ku gane ta da layi biyu da ɗan tudun ciyawa a tsakiya. Duk nauyinta tana gudun kusan kilomita 30 a sa'a, kuma wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya tare mata mafaka. Ta ukun ita ce giwa mai ɗa. Wata 22 ta yi da cikinsa, ba ta wasa da shi.

Giwa takan yi barazana: ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai, ta watsa ƙura, ta yi kururuwa, ta taho ta tsaya. Idan da gaske take, kan yana ƙasa, hancin a naɗe, sau da yawa ba ta ma yin ƙara. Bambance biyun cikin ƙiftawar ido aikin jagora ne. Aikin baƙo ɗaya ne: kada ya gudu. Mutumin da ya fi kowa gudu a duniya bai wuce kilomita 45 a sa'a ba, zaki kuwa yana kusan ninka haka a gajeren zango, kuma abin da ya juya baya ya ruga shi ne abin da ɗabi'arsa ke ce masa ya bi. A tsaya a dunƙule bayan jagora, a yi abin da ya ce, ko da ƙafa tana rawa.

Bindigar tana nan ne domin ranar da komai ya ƙi. A wurin masu sana'ar, harba ta alama ce ta cewa an yi kuskure tun da farko, an kusanci abin da bai kamata ba ko an manta da iska. Ba kuma kullum take ceto ba. A watan Yulin 2025, giwa mai ɗa ta kashe mata biyu masu yawon buɗe ido, ɗaya daga Birtaniya ɗaya daga New Zealand, suna cikin irin wannan tafiya a Luangwa ta Kudu, duk da harbin da masu rakiyarsu suka yi. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba idan aka dubi yawan masu shiga kowace shekara, amma duk wanda ya ce maka babu hatsari ko kaɗan, kada ka bi shi daji.

Shi ya sa ba a fafe gora ranar tafiya. A Zimbabuwe, wadda lasisinta ya yi suna wajen wuya, mutum sai ya ci jarrabawar rubutu, ya yi shekaru yana koyo a ƙarƙashin ƙwararre, ya ci gwajin harbi, sannan a fita da shi daji a gwada shi gaban dabbobin da kansu. A Afirka ta Kudu ƙungiyar jagororin daji da ake kira FGASA tana ƙirga sa'o'in da mai koyo ya yi da ƙafa da kuma yawan haɗuwarsa da manyan dabbobi kafin a ba shi ayari. Kafin ka biya kuɗi, tambayi takardar jagoran, ka kuma tambayi mutum nawa ne a layi.

Ladan wannan horo ana ganinsa a gandun dajin Mana Pools na Zimbabuwe, a bakin kogin Zambezi, wurin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Filin cike yake da gawo, bishiyar da ke kakkaɓe ganye da damina ta yi kore da rani. Idan rani ya tsananta, 'ya'yan gawo ne abincin giwaye, har wasu manyan maza sun koyi miƙewa a kan ƙafafun baya su kamo reshen sama da hanci. Tan biyar ko shida a tsaye kamar mutum, kai kuma kana zaune a ƙasa gindin wata bishiya, iska tana fuskarka, kana jin faɗuwar 'ya'yan itacen ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin tafiya a Luangwa da Mana shi ne rani, daga Yuni zuwa Oktoba, sa'ad da ciyawa ta kwanta ana hangen nesa. Oktoba zafi yakan haura digiri 40. Da damina ƙananan sansanonin ciki rufewa suke yi, a sake gina su da ciyawa da kara idan ruwa ya ɗauke. Tufafi masu kalar ƙasa ake sawa. Fari yana tona asiri daga nesa, baƙi da shuɗi kuma suna jan ƙudan tsando. A bar turare a gida, a sa takalmi rufaffe, a ɗauki hula da ruwa. Yawancin wurare ba sa karɓar yaron da bai kai shekara 12 ba, wasu ma sai 16. Tafiyar kanta ba ta gajiyarwa, sa'a uku ce zuwa huɗu, kuma tsayuwa ta fi takun yawa.

Wajen ƙarfe tara ake neman inuwar kanya ko tsamiya a bakin kogi. Mai shayi ya hura 'yar wuta, dogari ya jingine bindiga inda hannunsa zai kai, ya zauna yana fuskantar dajin da ke bayan baƙi. Idan an gama sai a kashe wutar da ruwa, a binne tokar, a juya ta wata hanya daban. Wani lokaci hanyar takan ratsa inda aka bi da sassafe, jagora ya tsaya ya nuna ƙasa da sanda: ga sawun takalmanku a jere, ga kuma sawun damisa a kansu, ta tsallaka bayan kun wuce.